Saƙon Hajiya da Na Bari a Tsohuwar Waya

Ba zan iya rantsuwa a kan kowace kalma da ke cikin wannan rubutu ba. Shekara ta zagayo tun da abin ya faru, kuma na lura cewa maganar da mutum ya yawaita juyawa a ransa takan goge kamar tsohon kwabo, har ya kasa bambance abin da aka faɗa da abin da ya so a ce an faɗa. Inda na tabbata zan ce na tabbata. Inda nake shakka zan faɗa.

Gidanmu yana Dala, gidan gado ne mai sassa huɗu. Kakata, mahaifiyar Baba, wadda duk muke kira Hajiya, ɗakinta ne na farko idan an wuce soro na biyu. Ni ce mace ta farko da ta gama jami'a a gidan, don haka duk abin da ya shafi takarda ko waya ni ake kawo wa. Hajiya ba ta kiran sunana. 'Yar boko take ce mini, wani lokacin da yabo, wani lokacin da zolaya, kuma ba kullum nake gane wanne ne ba.

Wata rana da la'asar, ina jin bayan ƙaramar salla ne, tana zaune tana tsinke zogale a faifai, ta ce in shigo in saki labule. Ta ce tana da aminiya tun suna amare a lungu ɗaya. Lokacin da suke da ƙarfi, su biyun ake kira idan mace ta rasu a unguwa, su yi mata wanka su sa mata likkafani. A bakin wannan aikin ne suka yi wa juna alkawari cewa duk wadda ta riga, ɗayar ce za ta wanke ta.

"Hannunta na sani," in ji Hajiya. "Ba ta gaggawa, ba ta surutu a kan gawa, abin da ta gani kuma da shi za ta shiga kabari. Ko ƙafarta ta ƙi, a ɗauko ta a kujera."

Matsalar ita ce aminiyar ta bar Dala tun rasuwar mijinta, ta koma wajen 'yarta a bayan Goron Dutse, kuma ba ta riƙe waya. Na ce me zai hana a gaya wa Baba. Hajiya ta ja tsaki.

"Ubanki? Ina ɗauko maganar zai ce Allah ya ƙara nisan kwana, ya zura takalmi. Ke dai ɗauko takarda in yi miki kwatance."

A nan na yi maganar da har yau idan na tuna ta nakan rufe ido. Na ce, "Hajiya, takarda ai ɓata take yi. Ɓera ya ci, ruwa ya jiƙa. Bari in naɗi muryarki a waya, ko shekara nawa tana nan."

Ta leƙo ta dubi wayar. "Wannan mai fasasshiyar fuskar?"

"Fuskar ce kawai ta fashe, cikinta lafiya lau."

"To, irina ce ke nan," ta ce, ta yi dariya har sai da ta yi tari.

Ta daɗe tana kwatancen. Irin kwatancen cikin gari ne, wanda babu lambar gida a cikinsa: a sauka a wuri kaza, a bar masallaci a dama, a shiga lungun da ke da kaza, a tambayi gidan wane. Tana yi tana ratsewa zuwa labarin wasu da suka daɗe da mutuwa, ta sake dawowa kan hanya. Ni kuwa, gaskiyar magana, ban saurara ba. Idona yana kan alamar batir, ina tsoron kada wayar ta mutu kafin ta gama. Da ta gama na adana, na ce mata an gama, ta kwantar da hankalinta. Ban sake kunna naɗin ba ko sau ɗaya. Na gaya wa kaina cewa rashin lokaci ne, amma ina jin ba na son jin muryarta tana maganar gawarta ne.

Wayar nan tun ina aji biyu a jami'a nake riƙe da ita. A lokacin da nake ba da labari batirinta ba ya kai azahar. Kullum sai ta yi mini ƙorafin wuri ya cika, in goge wani abu. A makarantar da nake koyarwa, idan an turo jadawalin jarrabawa, sai kowa ya gama karantawa tawa tana ta juyi. Akwai wata abokiyar aikina, mai kirki ce amma bakinta ba ya hutawa, da takan ce, "Malama, wayar nan ta isa ritaya. A yi mata walima a ba ta fansho."

Ban yi gaggawa ba, kuma wannan yana cikin abin da ya fi ba ni kunya. Wata uku ko huɗu na yi ina shawara. Na raba shafin littafi biyu, na rubuta dalilan canzawa a gefe ɗaya, dalilan haƙuri a ɗaya gefen. Na karanta bayanai a kan kyamara da girman ma'aji da daɗewar caji har na fara gyara wa masu shago magana. Na kai ta wajen wani dattijo mai gyaran waya kusa da Ƙofar Mazugal, ya buɗe ta ya duba, ya ce, "Malama, batir ne kawai. A sa mata sabo, a canja gilashi, za ta ƙara miki shekara biyu. Sababbin nan ido uku aka jera musu a baya kamar duwatsun murhu, amma kiran da waccan za ta yi shi wannan za ta yi." Na rubuta maganarsa a gefen haƙuri, na ja mata layi biyu. Idan aka auna da gaskiya, gefen haƙuri ne ya rinjaya.

Abin da ya karya ni ba ya cikin littafin. Bikin wata 'yar ajinmu aka yi, muka jeru za a yi hoto, na miƙa wayata. Wadda ta karɓa ta duba, ta ɗaga murya ta ce, "Don Allah a kawo wata wayar, wannan kamar ta cikin hayaƙi take gani." Aka yi dariya, ni ma na yi. Ba a cika mako ba na ce wa abokiyar aikina ta raka ni kasuwar waya. Musaya na yi, na ba da tsohuwar na yi ciko.

Ko a ranar ma na je da jerin abin da za a kwashe: lambobin mutane, hotuna, takardun makaranta, hoton shaidar kammala karatuna. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sa alama. Mai shagon ya riƙe tsohuwar ya ce, "Malama, an kwashe komai? In na goge, ya gogu fa."

Na ce an kwashe.

A nan ne ƙwaƙwalwata take yi mini gardama. Wani lokacin ina ganin na manta da naɗin gaba ɗaya. Wani lokacin kuma ina ganin ya faɗo mini a rai, na ɗauka zai bi hotuna ya wuce da kansa, kuma na ji nauyin kunna muryar tsohuwa tana maganar wankan gawa a shago cike da maza. Ban san wanne ne gaskiya ba. Na fi zargin na biyun, saboda shi ne ya fi kama da halina.

Na dawo gida na nuna wa Hajiya sabuwar. Na ɗauke ta hoto, ta duba ta ce an fito mata da duk tamojin fuskarta, waccan ta fi rufa asiri. Ba ta tambayi saƙonta ba. Ta riga ta ba mai karatu ajiya.

Ta rasu cikin damina, bayan sallar asuba, ba tare da doguwar jinya ba. Kafin rana ta ɗaga Baba da ƙannensa sun tsayar da jana'iza ƙarfe sha ɗaya. Gida ya cika. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ke tsaye a kan komai na cikin gida, tana aika a kawo wannan a ɗauke wancan. Na shige ɗakinmu na buɗe wayar, na shiga wurin naɗin murya. Babu komai a ciki. Na duba ko'ina, har wuraren da na san ba zai kasance ba. Na kashe ta na kunna, kamar hakan zai dawo da shi.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. In fita tsakar gida in ce Hajiya ta bar wasiyya, ga abin da ta ce, wa ya san gidan aminiyarta? Amma faɗar haka yana nufin in faɗi sauran a gaban matan gida da maƙwabta: cewa an ba ni amana, na ƙi takarda, na sayar da amanar a kasuwa saboda hoton biki. Na kai bakin ƙofa, na juyo. Sai na yi wa kaina dabara. Na ce Goron Dutse ba nisa, zan je in samo ta in kawo ta, babu wanda zai san an taɓa yin kuskure.

Na sa hijabi na fice ta cikin masu shigowa ta'aziyya, na tari adaidaita sahu. Abin da ya rage mini na kwatancen abu biyu ne, masallaci da injin markaɗe, kuma ko su ban san wanne ke gaba ba. Sunan matar ma ban sani ba, sai laƙabin da Hajiya take kiran ta da shi, wanda na gane daga baya ba wanda ya san shi sai su biyu. An yi ruwa kafin gari ya waye, lunguna duk taɓo. Na shiga ina sallama gida gida, ina tambayar wata tsohuwa da ta taso daga Dala ta dawo wajen 'yarta.

Wata mata mai wanke-wanke a ƙofar gida ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, kowane gida a nan akwai tsohuwa. Tamu ma tana ciki, in kina so." Da ta ga hawaye a fuskata ta daina dariya, ta tashi da kumfa a hannu ta raka ni gida biyu. Ba a dace ba. Na sami injin markaɗe uku, masallatai kuwa ban ƙirga ba.

Wajen ƙarfe goma wayar ta yi ƙara. Gwaggo ce. Muryarta ta fito tas, kamar tana tsaye a gefena.

"Ke kina ina? An gama wanka, ana shirin fita da ita. Ba za ki zo ki yi mata addu'a ba?"

Na ce na fita neman wani abu ne, ga ni nan.

"Neman me, yau?"

Na ce ga ni nan dai. Na iso ana ɗaga makara. Wata maƙwabciyarmu ce ta yi wankan, mace mai ilimi da natsuwa, kuma ba ni da abin da zan ce a kan aikinta sai Allah ya saka mata. Amma ba ita Hajiya ta zaɓa ba, kuma a duk gidan ni kaɗai na san haka.

Ranar sadakar uku, da hantsi, adaidaita ya tsaya a ƙofar gida, aka shigo da wata tsohuwa 'yar ƙarama tana dogara sanda, 'yarta na riƙe da ita. Gwaggo ta tashi da sauri ta tare ta. Na ji tana ce wa matan da ke wurin, "Aminiyar Hajiya ce. Jiya na tuna na aika aka gaya mata. Na taɓa raka Hajiya gidan, bayan injin markaɗen nan ne."

Wadda ta san hanyar ita ce ta kira ni ina tsaye cikin taɓo, na yi mata ƙarya. Da na buɗe baki tun da safe, da kafin ƙarfe takwas matar tana ɗakin.

Tsohuwar ta zauna, aka yi addu'a. Ta tambayi wa ya yi wanka, aka gaya mata, ta ce Allah ya ba da lada. Can ta ɗaga kai ta ce, "Wace ce 'yar boko a cikinku?"

Aka nuna ni. Ta ce in kama ta mu shiga ɗakin Hajiya, tana so ta ga inda ta kwanta. Da muka shiga ta ce in saki labule. Ta zauna a bakin gado, ta kwance wani ƙulli daga gefen zaninta ta ajiye a cinya. Busasshen ganyen magarya ne a ciki, da kafur, da 'yar kwalbar turare.

"Duk shekara nake canja ganyen," ta ce. "Ta ce mini ta bar saƙo a hannunki."

Na durƙusa na faɗa mata komai. Ina jin ban rage ba, har maganar hoton biki da ƙaryar da na yi wa Gwaggo. Ta saurara ba ta katse ni ba. Na so ta yi faɗa. Maimakon haka ta miƙo hannu.

"Ina sabuwar? Mu gani."

Na ba ta. Ta juya ta, ta shafa idanun nan uku da babban yatsa.

"Ta fi waccan?"

Na ce ta fi ɗaukar hoto.

"To madalla," ta ce, ta miƙo mini.

Ana jin matan tsakar gida suna raba gumba. Sai ta ɗaure ƙullin ta ɗora mini a hannu.

"Ita dai ta tafi, Allah ya san niyyarmu. Amma da ni na riga ta, da ita za ta wanke ni. Yanzu wa ke nan? 'Yata tsoron gawa take yi, ko kaza ba ta iya kallo." Ta dube ni sosai. "Kin taɓa yi?"

Na ce ban taɓa ba.

"Za ki koya. Ba digiri ba ne. Ranar Asabar ki zo." Ta yunƙura za ta tashi, na riƙe ta. A bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Ki zo da takarda."

Tun daga nan nake zuwa, ba kowace Asabar ba, amma mafi yawansu. Da matashin kai take koya mini, ta lulluɓe shi da zani, ta nuna mini yadda ake sa hannu ta ƙarƙashi ba tare da an yaye ba, da inda ake farawa, da yadda ake juya mutum a hankali kamar yana jin ciwo. Idan na yi sauri takan buge mini hannu ta ce, "Ina za ki? Ita ba ta sauri." Sau ɗaya ta sa na bi wata mata na riƙe mata buta a wani wankan gaske a lungunsu. Na dawo gida na kasa cin abinci, amma na koma.

Na gaya wa Gwaggo a makon, na gaya wa Baba bayan sadakar arba'in. Gwaggo ta yi faɗa sosai, kuma na ji sauƙin hakan. Baba ya ce Allah ya jiƙanta, ya tashi ya zura takalmi. Har yau bai sake ɗauko maganar ba, kuma ban san ko ni yake jin haushi ko kansa ba.

Kwatancen gidan yanzu yana rubuce a wuri uku, ɗaya yana hannun Gwaggo. 'Yar tsohuwar tana da lambata, na kuma ba ta ta Baba ko da tawa ta ƙi shiga. Ƙullin yana cikin akwatina, na canja ganyen sau ɗaya. Duk wayar da ta shigo mini da sassafe sai in fara duba ko 'yar tsohuwar ce. Ina tsoron ranar, ina kuma tsoron kada ta zo ina wani wuri.

Sabuwar wayar tana nan, kuma ba zan yi mata ƙazafi ba, tana aiki lafiya. Malaman makarantarmu sukan tambaye ni ko su canja tasu, tunda an san na yi bincike. Nakan maimaita musu abin da mai gyaran Ƙofar Mazugal ya gaya mini, in ce su fara gwada sabon batir. Idan sun nace, nakan ce kafin su miƙa tsohuwar su zauna su buɗe ko'ina a cikinta, su saurari duk abin da ke ciki har ƙarshe. Yawanci sukan ce to, su ci gaba da tambayar kyamara. Ban taɓa gaya musu dalili ba, sai yanzu da na rubuta.

Akwai waɗanda suka ga wasu sassan wannan al'amari da idonsu: Gwaggo, da abokiyar aikina da ta raka ni kasuwa, da 'yar tsohuwar, da matan da ke tsakar gida ranar sadakar uku. Idan ɗayarku ta karanta ta ga na sauya wata magana, ko na sa wani abu a ranar da ba tasa ba, ina roƙo ta gyara mini. Na fi buƙatar gyaran a inda kuka ga na sassauta wa kaina. Abokiyar aikina musamman, ke kina tsaye a gefena lokacin da mai shagon ya tambaya ko an kwashe komai. Idan kin tuna na yi jim kafin in amsa, don Allah ki gaya mini.